Darasi na 9: Aya, alamar tambaya da waƙafi

Ɗauki fensirinka, ka rubuta wannan a kan layi: An sayar da albasa

Kada ka ajiye fensirin tukuna. Bayan baƙin ƙarshe, a ƙasa daidai kan layi, ɗiga ɗigo ɗaya. Sunansa aya. Duk wanda ya zauna makarantar allo ya san inda aya ta ƙare nan ake tsayawa a ja numfashi. A boko ma haka ne. Magana ta cika, sai aya.

Bayan aya, bar ɗan fili kamar faɗin yatsa, ka fara sabuwar magana da babban baƙi. Aya, fili, babban baƙi. Faɗe shi da baki sau uku. Yanzu rubuta: Ruwa ya sauka. Mun yi shuka. Duba, ka sa aya bayan sauka? M ɗin Mun babba ne? In ƙarami ka yi, goge ka sake, ba abin kunya ba ne. Hannun da ya saba da fartanya ba ya sabawa da fensir rana ɗaya. Sake rubutawa. Aya, fili, babban baƙi.

Amma haba jama'a! Makon jiya na duba littattafanku, wani ya cika shafi guda ba aya ko ɗaya, sai da numfashina ya ɗauke wajen karantawa. Wata kuma kowace kalma ta bi ta da ɗigo kamar mai shuka gero. Na faɗa, na sake faɗa: sai magana ta cika ake sa aya, sannan babban baƙi.

Alamar tambaya

Ana zana ta kamar lauje, da ɗigo a ƙarƙashi. A baki, murya ce ke nuna tambaya, takarda kuwa ba ta da murya. A ce manomi a Aliero yana son jin ko ƙanensa ya kai kaya kasuwar Jega, sai ya aika masa saƙon waya: An sayar da albasa. Ƙanen zai ɗauka labari ake ba shi, ya yi zamansa. Da ya rubuta An sayar da albasa? da ya samu amsa.

Waƙafi

Ɗigo ne mai wutsiya, ɗan dakatawa kaɗan. A takardar rabon taki, Sani Musa da Bello mutum biyu ne, Sani, Musa da Bello kuwa mutum uku.

Alamar motsin rai

Sanda ce a tsaye da ɗigo a ƙasa, kamar a Kai! ko Wayyo!

Aikin gida

Karanta allon shago ɗaya da saƙon waya ɗaya, ka kwafo inda aka manta alama. Rubuta jimla 5 game da gonarka ko sana'arka, kowace da ayarta.