Babi na 7: Koyon Tsabtar Abinci ta Waya da Karɓar Takardar Shaida

Wannan babi naku ne, iyayena da 'yan'uwana masu sana'ar abinci a garin Katsina: mai tuwo a tasha, mai waina da ƙosai a bakin Ƙofar Marusa, mai tsire da balangu, mai fura da nono, mai dafa wa ɗalibai a makaranta, da yaran da ke aiki a otal. Yanzu idan mutum ya je neman aikin girki a babban wuri, sau da yawa sai an tambaye shi takardar shaidar cewa ya koyi tsabtar abinci. Ana iya yin karatun ta waya, a yi jarrabawa, a karɓi takardar, mutum yana zaune a gidansa. Wanda ya iya karanta babi shidan da suka wuce, wannan ma ba zai gagare shi ba.

Darasi na 1: Abin da za ku tanada

Ku nemi babbar waya mai shiga intanet, ku cika ta da caji, ku sa mata data. Ku ajiye littafin rubutu da biro kusa da ku, da katinku na NIN. Littafin nan shi ne ya fi komai muhimmanci, za ku ga dalili a gaba.

Kwasa-kwasan iri-iri ne, wasu kyauta, wasu da kuɗi. Kafin ku biya ko kwabo, ku tambayi wanda zai ɗauke ku aiki, ko duba-garin unguwarku, wace takarda suke karɓa. Yawancin darussan da Turanci ake yin su, saboda haka ku zaunar da ɗa ko ƙane mai jin Turanci a gefenku. Shi zai karanta ya fassara, ku za ku danna. Kada ku miƙa masa wayar ku koma kallo.

Darasi na 2: Suna, imel da kalmar sirri

Shafin intanet na kwas ɗin da kuka zaɓa zai fara nuna muku akwatuna farare marasa komai a ciki. Ku taɓa na farko da yatsa, haruffa za su fito a ƙasan fuskar waya. Ku rubuta sunanku kamar yadda yake a katin NIN, harafi bayan harafi. In a kati Muhammad ne, kada ku rubuta Mamman. In Aisha ce, kada ku rubuta Indo. Abin da kuka rubuta a nan shi za a buga a takardarku.

Akwati na biyu na imel ne, wato adireshin da za a riƙa aiko muku da saƙo. A tsakiyarsa akwai wannan alama: @. Ba a barin fili a cikinsa. Da yawanku kuna da imel ba ku sani ba, domin mai shagon waya ya buɗe muku ranar da kuka saya, kuka tafi ba ku tambaye shi kalmar sirrin ba. In haka ne, ku zo aji mu buɗe sabo tare.

Yanzu ku natsu, mun zo inda aka fi faɗuwa. Akwati na uku na kalmar sirri ne. Ita ce makullin shagonku: in ta ɓace, kuna ganin kayanku amma shiga zai yi muku wuya. Ku ajiye wayar tukuna. Ku ɗauki biro. Ku rubuta kalmar a littafi kafin ku rubuta ta a waya. Littafi da farko, waya daga baya.

Kalmar kada ta gaza haruffa 8, a gauraya haruffa da lambobi. Kada ku sa ƙ ko ɗ ko ɓ, domin ba kowace waya ke da su ba. Babban baƙi da ƙaramin baƙi daban suke a wajen waya: wanda ya fara da K babba, gobe ya dawo da k ƙarama, ba za ta buɗe masa ba. Don haka a littafinku ku ja layi ƙarƙashin kowane babban baƙi. Ku kula da sifiri 0 da harafin O, ku kula da lamba 1 da harafin l, sun yi kama ƙwarai.

Kun rubuta a littafi? To, ku kwafa zuwa waya. Za ku ga ɗige-ɗige maimakon haruffa. Wayarku ba ta lalace ba, ɓoyewa take yi. A gefen akwatin galibi akwai ɗan hoton ido, ku taɓa shi, haruffan za su bayyana. Ku dubi littafi, ku dubi waya, ku gwada su ɗaya bayan ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa. In an ce ku sake rubutawa a akwati na huɗu, daga littafi za ku sake kwafa, ba daga ka ba.

Baba, na san za ka ce kai ba ka mantuwa. Inna, na san za ki ce sunan jikanki ne, yaya za a yi ki manta. Na sha ganin wanda ya kalli darussa har ya kusa gamawa, wayar ta mutu, da ya dawo kalmar sirri ta tsere masa, duk wahalarsa da datarsa suka tafi a banza. Wannan yana ɓata mini rai matuƙa, domin biro yana hannunsa a lokacin. Haba jama'a! Minti ɗaya ne fa. Kada a rubuta a tafin hannu, kada a rubuta a bayan takardar ƙosai, kada a ce yaro ya riƙe. A littafi, a shafin farko, imel a sama, kalmar sirri a ƙasa. Daga yau wanda ya zo mini da kukan ya manta, littafinsa zan fara tambaya.

Darasi na 3: Abin da za a koya muku

Za a nuna muku gajerun bidiyo. Ku kalli ɗaya, ku tsaya, ku faɗa wa na kusa da ku abin da kuka gane. Yawanci za ku tarar da ƙa'idoji biyar na Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda a 2015 ta ƙiyasta cewa duk shekara mutum miliyan 600 ke rashin lafiya saboda gurɓataccen abinci, 420,000 su mutu, 125,000 daga cikinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar.

A wanke hannu da sabulu da ruwa mai zuba na daƙiƙa 20, bayan fitowa daga bayi, bayan taɓa ɗanyen nama, bayan karɓar kuɗi. Tsoma hannu a roba ɗaya da kowa ke tsomawa ba wanki ba ne. A raba ɗanye da dafaffe: wuƙar da ta yanka ɗanyen nama kada ta yanka albasa da tumatir da kabejin da za a zuba a kan tsire. A dafa abinci ya nuna har ciki, zafinsa ya kai digiri 70. Kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba wuta ba sanyi, domin ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60, ku kuwa kun san zafin Katsina da bazara. Na biyar, ruwa mai tsabta da kaya masu kyau. Masu zoɓo da kunun aya, ta ruwa kwalara da taifot suka fi shigowa. A rufe hatsi saboda ɓera, shi ke kawo zazzaɓin Lassa. Kayan gwangwani da na leda a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

In kun fita daga shafin kuka dawo, za a tambayi imel da kalmar sirri. Ku buɗe littafi, shafin farko.

Darasi na 4: Jarrabawa

Galibi tambaya ce da amsoshi uku ko huɗu, ku taɓa ɗaya. Ku saurari duka kafin ku zaɓa. Kada wani ya yi muku, ku ne za ku tsaya gaban tukunya. A kwasa-kwasai da yawa wanda bai ci ba yana iya sakewa.

Darasi na 5: Takarda

Ku sauke ta a waya, ku duba sunanku, ku kai shagon kwamfuta a buga muku biyu. Wanda ya ce ku kawo kuɗi ya ba ku takarda ba karatu, ku rabu da shi. Takardar nan ba ta ɗauke muku gwajin lafiya da ake yi wa masu abinci a asibiti ba, ku je ku yi. A zama na gaba kowa ya zo da wayarsa a cike da caji, da littafinsa.