Ƙara wa fikof mai gas ƙarfi ta kwamfuta: kurakuran da ke kashe inji da yadda ake kauce musu

Duk fikof mai shan gas da aka ƙera da tsarin komon-rel, wato bututu ɗaya (rel) mai riƙe mai da matsi yana raba wa nozul duka, irin su Hilux mai injin 2KD, 1KD, 2GD ko 1GD, da L200, da Navara, da D-Max, akwai ƙwaƙwalwa a cikinta wadda makanikai ke kira birenbos. Ita ke yanke yawan man da nozul zai fesa, da lokacin da zai fesa, da matsin man a cikin rel, da yawan iskar da tobo zai tura. Aikin da ake kira tunin shi ne a karanto waɗannan jadawalin, a sauya alƙaluman, a mayar. Motar kan ƙara ƙarfi da gaske, ba ƙarya ba ne. Sai dai ƙarfin ba daga sama yake faɗowa ba. Kamfani ya bar wani rara ne da gangan, saboda zafi da mai maras kyau da lodi, kuma wannan rarar mai tunin yake ci. Motar da ke jigilar riɗi daga ƙauyukan Jigawa zuwa Dawanau a watan Afrilu ta riga ta cinye mafi yawan rarar tun kafin kowa ya taɓa ta. Daga rashin fahimtar wannan ne kusan duk kurakuran ke tasowa.

Kuskuren farko, kuma wanda ya fi yawa, shi ne a kai mota tunin don ta rage ja. Motar da ta rage ja ciwo gare ta, kuma ciwon ba ya cikin kwamfuta. Filtar iska ta toshe da ƙurar hunturu, ko filtar mai ta cika da dauɗa, ko robar bututun intakula, mai sanyaya iskar da tobo ya turo, ta tsage iska na zurarewa, ko sensar matsin iska ta yi kitse da baƙin hayaƙi, ko bawul ɗin da ke jikin famfon mai, wanda ake kira SCV, ya fara maƙalewa. Idan aka ɗora tunin a kan irin wannan, an ƙara mai ne ba a ƙara iska ba. Motar za ta yi kamar ta farfaɗo na ɗan lokaci, sannan ta kwanta gaba ɗaya.

Gyaran shi ne a fara da na'urar bincike, ba da fayil ɗin tunin ba. A karanta lambobin matsala: P0087 na nufin matsin rel ya yi ƙasa, P0088 ya yi yawa, P0299 tobo ba ya tura isasshiyar iska, P0234 ya wuce gona da iri. A motar Toyota a buɗe manhajar bincikenta, Techstream, inji ya yi zafi yana tsaye, a duba gyaran da ƙwaƙwalwa ke yi wa kowane nozul. Adadin ya kamata ya tsaya tsakanin -3.0 da +3.0. Wanda ya kusa bakin iyaka a cire shi a kai benci a gwada. In an sa sabon nozul, dole a shigar da lambar da ke rubuce a kansa cikin ƙwaƙwalwa, kowanne a silindarsa. Makanikai da yawa suna tsallake wannan, mota ta riƙa ƙara kamar ana buga ƙarfe da safe, a ce wai halinta ne.

Masu 1KD su ƙara kula da abu ɗaya. Wasar da ke ƙarƙashin nozul, wato ɗan zoben ƙarfen da yake zaune a kai, takan saki, hayaƙi ya riƙa shiga cikin baƙin mai, ya dunƙule ya toshe rariyar da famfon baƙin mai ke zuƙa ta ciki. Injin sai ya buga ba tare da gargaɗi ba. Kafin a yi maganar tunin, a sauke kaskon mai a kalli rariyar da ido. Idan ta yi baƙi ƙirin kamar an shafa mata kwalta, a wanke, a canza wasoshin. Haka kuma bel ɗin tamin na 1KD da 2KD ana canza shi a kilomita 150,000. Motar da aka saya hannu na biyu, ba a san tarihinta ba, a ɗauka ba a canza ba.

Akwai kuma waɗanda ke biyan kuɗin tunin a kan injin da ba abin da za a samu. Hilux mai injin 5L-E ba ta da tobo. Iskar da ta zuƙa da kanta ita ce iyakarta, ƙarin mai hayaƙi kawai zai zama. Na'urar nan da ake maƙalawa a wayar totur ita ma ba ta ƙara ko doki ɗaya. Tana sa ƙwaƙwalwa ta ɗauka ka taka fiye da yadda ka taka ne kawai.

Hayaƙi da zafi

A nan ya kamata a daɗe, don a nan injina ke mutuwa. A tasha za ka ji ana yabon mota wai tana zuba baƙin hayaƙi in an taka ta, alamar ƙarfi. Baƙin hayaƙi gas ne da bai ƙone ba, kuɗinka ne ke fita ta salansa. Abin da ya fi asarar man muni shi ne zafin da ke biyo baya. Injin gas yana samun sanyi ne daga rarar iska. Da zarar mai ya rinjayi iska, ko aka tsawaita fesawa har man na ci gaba da ƙonewa bayan fistin ya yi nisa da sauka, zafin hayaƙin sai ya haura. Fistin na alminiyom ne, alminiyom kuwa yana narkewa a wajen digiri 660. Abin da ke cetonsa shi ne baƙin man da ake fesa masa daga ƙasa da sabuwar iskar da ke shigowa kowane zagaye. In zafin ya daɗe a sama, bakin kwanon fistin ya tsage. Injin 1KD dama an san shi da tsagewar fistin ko ba a taɓa shi ba, balle an ƙara masa wuta.

Kuma allurar zafi da ke gaban direba ba za ta faɗa maka ba, domin ruwa take aunawa, ba hayaƙi ba. Kafin ta motsa, aikin gama ya gama.

Saboda haka kada a yi tunin ba tare da an sa agogon auna zafin hayaƙi ba. A dasa tsinkensa a jikin manifol ɗin hayaƙi, inda hayaƙi ke fitowa daga inji, kafin tobo. Wanda aka dasa bayan tobo yana nuna adadi ƙasa da na gaskiya, sau da yawa da digiri 100 ko fiye, sai direba ya saki jiki. Wajen huda manifol a cire shi tukuna, don ɓarɓashin ƙarfe in ya faɗa ciki fukafukan tobo zai ci. Shawararmu ita ce kada adadin ya zauna sama da 700 a doguwar tafiya da lodi. Ya taɓa ya dawo wajen wuce wata mota, ba laifi. Ya zauna a can, a ɗaga ƙafa, a sauke giya ɗaya.

Yanayinmu yana ƙara tsananta lamarin. Iskar da ta kai digiri 42, kamar yadda ake gani a Haɗeja ko Gumel da bazara, ta fi ta digiri 15 rashin kauri da kusan kashi 9 cikin 100. Fayil ɗin da aka rubuta aka gwada a Ingila ko Jamus bai san da wannan ba. Ga intakula ta toshe da ƙaiƙayi da ƙura lokacin kaka, ga lagireto cike da ruwan rijiya da ya yi kanta a ciki, ga tamostat an cire an yar tun tuni da sunan maganin zafi. A wanke intakula da lagireto daga baya zuwa gaba da ruwa maras ƙarfi, a zuba ruwan lagireto na ainihi, a mayar da tamostat. Idan motar tana cikin 2KD ɗin da suka zo ba intakula, to a bar maganar tunin sai an sa mata.

Nawa za a ƙara? 2KD ta farko tana da doki 102, 1KD tana tsakanin 163 da 171, 1GD ta 2015 tana da 177. Masu talla sukan yi alkawarin kashi 30 ko fiye. Ga motar neman abinci da ke bin burji da yashi, kashi 10 zuwa 15 ya isa, kuma a buƙaci mai tunin ya bar jadawalin da ke taƙaita hayaƙi da duk matakan kariyar zafi yadda kamfani ya sa su. Wanda ya ce zai kashe su don mota ta saki jiki, ka ɗauki makullinka.

Ranar rubutu

Wani kuskuren ba a injin yake ba, a wajen aikin yake. Mai wayarin ya sayi jabun na'urar rubuta fayil, KESS ko K-TAG, ya sauko da fayil daga intanet, ko wani ya turo masa ta WhatsApp an rubuta Hilux 2.5 kawai, ya ɗura. Hilux 2.5 iri-iri ce: nozul daban, tobo daban, tsarin hayaƙi daban gwargwadon shekara da ƙasar da aka ƙera wa. Lambar da ke jikin ƙwaƙwalwar, wadda a Toyota galibi ke farawa da 89661, da lambar manhajar da ke ciki, dole su dace da fayil ɗin baƙi da baƙi. Hanya mafi aminci ita ce a karanto fayil ɗin motarka, a yi gyaran a kansa.

Kafin a rubuta komai, a adana na asali, kuma ka karɓi kwafinsa a filas ɗinka ko wayarka. Haƙƙinka ne. Ranar da mota ta rikice, shi kaɗai zai mayar da ita yadda take, mai tunin kuwa wataƙila ya bar garin.

Rubutun yana ɗaukar mintuna, kuma in wuta ta yi ƙasa a tsakiya ƙwaƙwalwar takan mutu, ko fitilar inji ba za ta kawo ba. A haɗa batir da caja mai riƙe wuta a wajen bolt 13 zuwa 14 ba tare da rawa ba, ba ƙaramin janareta da cajar kasuwa ba. A kashe fitilu da rediyo da fankar ciki, kwamfutar hannu ta cika da caji, kada kowa ya buɗe ƙofa ko ya taɓa waya. In ta mutu, wani lokaci a kan farfaɗo da ita a benci. In ba ta tashi ba sai neman wata a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, a sake haɗa ta da makulli, a sake shigar da lambobin nozul huɗu, mota na zaune kasuwa na ci.

Akwatin da ake maƙalawa a sensar rel ya fi sauƙin sawa, shi ya sa yake da farin jini. Aikinsa ƙarya ne: yana gaya wa ƙwaƙwalwa matsi ya yi ƙasa, ita kuma ta sa famfo ya ƙara. Matsin da dama ya haura 1,300 a ma'aunin bar a waɗannan injina sai ya wuce abin da aka tsara, bawul ɗin kariya na jikin rel ya riƙa buɗewa, mota ta shiga tafiyar rarrafe a tsakiyar hanya. Bawul ɗin in ya buɗe sau da yawa yakan saki, sai an canza. Mafi muni shi ne a haɗa akwati da tunin a mota ɗaya.

Mai da lodi

Famfo da nozul na komon-rel da gas ɗin kansa suke samun santsi. Gas ɗin jarka da aka gauraya da kananzir ba shi da wannan santsin, wanda ya kwana a tsohon duro kuma da ruwa da tsatsa yake zuwa. Injin da aka ƙara wa matsi ya fi saurin jin jiki. A sha mai a gidan da ke da ciniki, a ƙara filta mai raba ruwa kafin ta kamfani, a riƙa tsiyaye ta duk mako da damina. Fitilar da ke nuna ruwa a cikin mai in ta kama a tsaya nan take. Baƙin mai a canza shi a kilomita 5,000, domin tunin yana ƙara masa toka.

Motocin da suka zo daga Turai da matatar hayaƙi ta DPF suna son baƙin mai maras toka da yawa, irin ACEA C2 a Toyota, da gas mai ƙarancin farar wuta, da doguwar tafiya da za ta ba matatar damar ƙone abin da ta tara. Da ta toshe sai a fasa ta, a goge ta daga ƙwaƙwalwa tare da EGR, bawul ɗin da ke mayar da wani ɓangaren hayaƙi cikin inji. Ba mu ba da wannan shawarar. Tokar da aka saki mutanen kasuwa da yaran bakin hanya ne ke shaƙa, kuma galibi abin da ya toshe matatar, wato nozul mai ɗiga ko baƙin man da bai dace ba, yana nan yana cin injin. A gano shi, a wanke matatar da bawul ɗin EGR.

Sai lodi. Fikof irin Hilux kayan da aka tsara mata bai wuce kusan tan 1 ba, buhu 10 ke nan masu kilo 100, har da direba da yaran mota a lissafin. Mai mota ya ji ta ƙara ja sai ya ɗora 18 ranar Alhamis ya nufi Maigatari. Tunin bai ƙara girman birki ba, bai ƙara kaurin sifirin ko taya ba, kuma kuloci shi ne farkon wanda ke kuka. Gwajinsa mai sauƙi ne: a hanya miƙaƙƙiya, a giya ta huɗu, allurar juyin inji a wajen 1,800, a take totur har ƙasa. In allura ta tashi mota ba ta ƙara gudu ba, yana sulɓewa. Ko a rage tunin, ko a sa kuloci mai ƙarfi. Direba ya daina jan kaya da babbar giya allura ƙasa da 1,500, domin a nan tunin ya fi zuba ƙarfi, a nan kuma matsi a kan fistin da metal da giya ya fi tsanani. Bayan doguwar tafiya a bar injin ya yi minti 1 ko 2 a tsaye kafin a kashe, tobo ya huce da baƙin mai na zagaya shi.

Kada a biya cikon kuɗin aiki a gareji. A ɗora kayan da aka saba ɗauka, a fita da rana tsaka, mai tunin na zaune a gefe da na'urarsa a haɗe, a yi kilomita 20 ko 30. A kalli matsin rel da na tobo, wanda ƙwaƙwalwa ta nema da wanda ta samu, su tafi tare. A kalli agogon hayaƙi, wani kuma ya biyo baya a babur yana kallon salansa. In an ga baƙi mai kauri da ya wuce ɗan tari na farkon taka totur, a koma a rage man, a sake fita.