Yadda ake dawo da Office da lasisinsa bayan an canja faifan ajiyar kwamfuta

Abin da na fi gani shi ne wannan. Mutum ya canja tsohon faifan ajiyar kwamfutarsa, an sa masa sabon faifai mai sauri, wato SSD, Windows ta tashi tsaf cikin 'yan daƙiƙu, yana ta murna. Sai ya girka Office, ya buɗe Word, ya ga sanarwa a sama cewa babu lasisi. Nan da nan ya tono katin da ya zo da lambobi 25 ɗin nan, ya shigar, a ce masa an riga an yi amfani da su. Daga nan hankali ya tashi. Wani ya ɗauka an sace masa lasisi ya je ya sayi sabo, wani kuma ya bari a ɗora masa na bogi. Alhali lasisinsa yana nan lafiya lau, bai san inda zai neme shi ba ne kawai.

Ka riƙe wannan tun farko: daga Office 2013 zuwa yau, yawancin lasisin da mutum ya saya don kansa ba a cikin faifai yake zaune ba. Ranar da aka fara shigar da lambobin nan, an ɗaure su da wani asusun Microsoft, wato wani adireshin imel. Daga ranar aikin katin ya ƙare. Abin da za ka nema yanzu shi ne wannan imel ɗin da kalmar sirrinsa.

Fara da Windows, amma kada ka ɓata lokaci a kai. Lasisinta yana liƙe ne da babban allon kwamfutar, canja faifai ba ya taɓa shi. Idan aka tambaye ka lamba yayin girkawa, zaɓi cewa ba ka da ita, ka tabbata dai ka ɗauki irin wadda take kai a da. In Home ce ka ɗauki Home, in Pro ce Pro. Da zarar ta hau intanet za ta gane kwamfutar da kanta. Bar ta ta gama sauke sabuntawarta, sannan ka duba agogo da kwanan wata. Agogon da ya karkace yana hana lasisi kamawa, kuma na ga wanda ya kwana yana fama a kan wannan kaɗai.

Sai ka tantance wane irin Office kake da shi, domin hanyar kowanne daban ce. Akwai Microsoft 365, wanda ake biya wata-wata ko shekara-shekara. Na mutum ɗaya yana ba ka damar shiga a na'urori biyar a lokaci guda, na iyali kuma mutum shida ne ke raba shi. Akwai wanda ake saya sau ɗaya, irin su Office 2016, 2019, 2021 da 2024, shi na kwamfuta ɗaya ne. Akwai kuma na ma'aikata ko makaranta. In naka na wurin aiki ne, kada ka wahalar da kanka, mai kula da kwamfutocinku ne zai dawo maka da shi. Wani irinsa ma sai kwamfutar ta riƙa tuntuɓar sabar ma'aikatar, wato babbar kwamfutarta, in ta wuce kwana 180 ba ta yi ba lasisin ya faɗi.

Yanzu ga inda ake faɗuwa, kuma nan ni ma na faɗi. Na taɓa sayen Office 2019 na ba wani mai gyara ya girka min, ina gaggawar fita. Da kwamfutar ta nemi imel, sai ya sa nasa don kada ya tsaya jira na. Ban sani ba, shi ma bai ɗauke shi wani abu ba. Aiki ya tafi daidai har ranar da faifan ya fara ƙara yana tsayawa, na canja shi. Na shiga asusuna na duba, wayam. Na gwada imel ɗina na biyu, na gwada na uku wanda na daɗe da watsarwa, babu komai. Kati yana hannuna, rasit yana hannuna, amma Word ya ƙi ni. Kwana uku na yi kafin ya faɗo min a rai in kira mutumin, shi kuma sai da ya sha wahala kafin ya tuna kalmar sirrinsa. Tun daga ranar ba na barin kowa ya taɓa wurin shigar da imel a kwamfutata, ko wane ne shi.

Saboda haka, in tsohon faifan yana tashi har yanzu, kafin a cire shi ka buɗe Word, ka shiga File, ka danna Account. A nan za ka ga sunan Office ɗin da imel ɗin da yake ɗaure da shi. Ɗauki hoton shafin da waya. Wannan hoton ya fi katin amfani nesa ba kusa ba. In kuma faifan ya riga ya mutu, sai ka bi imel ɗinka ɗaya bayan ɗaya: shiga account.microsoft.com, buɗe sashen Services & subscriptions, ka ga ko Office yana jere a ciki. Ka binciki akwatin saƙonninka ma, ko rasit ɗin saye yana nan. Ka tambayi wanda ya girka maka, ka tambayi ɗanka ko ƙaninka da ya saba taɓa kwamfutar. Wani lokaci kuma adireshi ɗaya yana ɗauke da asusu biyu, na kanka da na wurin aiki, sai a tambaye ka wanne kake nufi. Mutane suna danna na farko da idonsu ya gani, su tarar da shafi fanko, su yanke ƙauna. Koma ka gwada ɗayan.

Wasu za su ce maka akwai umarnin da ke fito da lambar daga cikin kwamfuta. Akwai shi, cscript ospp.vbs /dstatus, ana buga shi a tagar rubuta umarni ta Windows, wato Command Prompt, daga cikin jakar Office16. Amma haruffa biyar na ƙarshe kaɗai yake nunawa. Amfaninsa shi ne in kun sayi Office da yawa a asusu ɗaya, ka gane wanne ne na wace kwamfuta. Ba zai dawo maka da lambobi 25 ba.

Da ka samu asusun, sauran aikin mai sauƙi ne. Duba jerin manhajojin kwamfutar tukuna, in akwai wani Office na gwaji da ya zo da ita, cire shi ka sake kunna kwamfutar. Barin biyu tare shi ke sa ta riƙa neman ka biya kuɗin abin da ka riga ka mallaka. Sai ka danna Install daga cikin asusunka, ba daga wani shafi da bincike ya jefo maka ba. Office iri biyu ne, mai 64-bit da mai 32-bit. Ni kullum mai 64-bit nake ɗorawa, kuma shi nake cewa kowa ya ɗora, sai fa in akwai wata tsohuwar manhajar lissafi da ta dogara da mai 32. In intanet ɗinka yana yankewa, a shafin akwai zaɓin sauke cikakken fayil ɗin girkawa sau ɗaya. Ajiye shi a filas, gobe ba sai ka sake ƙona data ba. Ya gama, buɗe Word, shiga da wannan imel ɗin dai. In na saye sau ɗaya ne ya ce an kai iyakar girkawa, bi umarnin kunnawa da ya nuna maka, kwamfutarka ce dai ba wata ba.

Maganar lambobin da ake tallatawa da arha kuwa, araha ba ta ado. Da yawansu na ma'aikatu ne aka ɓalle ana sayarwa, su yi aiki yau, a toshe su gobe, kuma ranar da ka canja faifai ba ka da asusun da za ka koma. Manhajojin fasa lasisi sun fi muni, don sai ka kashe kariyar kwamfutarka da hannunka kafin su shiga. In babu kuɗi, LibreOffice kyauta ne kuma yana buɗe fayilolin Word da Excel, ga kuma Office na cikin burauza, shi ma kyauta. Mai riƙe da 2016 ko 2019 kuma ya sani cewa an daina aiko musu da gyaran tsaro tun 14 ga Oktoba 2025. Suna aiki, amma ni ba zan buɗe saƙon da ban san mai shi ba da su.

Kada ka yar da tsohon faifan. Haɗa shi ta USB ka kwaso abin da girkawa ba ta dawowa da shi. In ya nemi lambar BitLocker mai lamba 48, wato makullin da Windows take kulle faifai da shi, duba asusun Microsoft da kake shiga Windows da shi a da. Fayil ɗin Outlook mai ƙarewa da .pst yawanci yana cikin Documents, jakar Outlook Files. In imel ɗinka na POP ne, wato irin wanda ke sauke saƙonni ya ajiye su a kwamfuta, mai yiwuwa nan kaɗai tsofaffin saƙonninka suka rage. Sauran suna cikin AppData\Roaming\Microsoft, wadda take ɓoye sai ka buɗe ta: sa hannun imel a Signatures, tsarin shafinka na Word a Templates da sunan Normal.dotm, sai CUSTOM.DIC a UProof, inda ake ajiye kalmomin da ka koya wa Word, don ya daina ja musu jan layi. Rufe Office, kwafa kowanne zuwa gurbinsa a sabon faifan, sannan ka buɗe.