Yadda ake rajistar zanen kaya a Nijar kafin wani ya kwaikwaya

Baduku a Tawa ko maƙeri a Wadata ta Yamai yakan ɓata watanni yana fitar da sabon fasalin takalmi ko ɗan kunne, kafin ya mayar da kuɗin fata ko na azurfa sai ya ga irinsa zube a kasuwa. Doka ta tanadi kariya, amma ga wanda ya yi rajista da wuri.

Abu na farko, riƙe sirrinka. Sabon zane kaɗai ake karewa, wanda jama'a ba su riga sun gani ba. In ka sa hotonsa a Facebook ko ka baza shi a rumfa kafin ka shigar da takardu, da hannunka ka raunana haƙƙinka. Nan ne masu sana'armu suka fi yin asara, domin ɗokin nuna sabon aiki yana da ƙarfi. Ko wanda zai ɗinka maka samfuri, ku yi yarjejeniya a rubuce cewa ba zai nuna wa kowa ba.

Sai hotuna. Ɗauki kayan ta gaba da baya, ta gefe da sama, a kan farin ƙyalle, yadda ɗinkin bakin takalmin da launin zaren za su fito sarai. Abin da hoton ya nuna shi aka kare. Kuma siffar kaya ake karewa. In sabuwar dabarar aiki ka ƙirƙiro, wannan rajista ce daban.

Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar ƙasashen Afirka 17 da ke yi musu rajistar zane da ƙirƙira, mai hedikwata a Yawunde ta Kamaru, wadda ke aiki da yarjejeniyar Bangi ta 1977. Ba sai ka je Kamaru ba: AN2PI, hukumar Nijar mai kula da haƙƙin ƙirƙira a Yamai, ita ke karɓar takardu ta aika wa OAPI. Ka cika fom, ka haɗa da hotunan da rasit ɗin biyan kuɗi. Zane har 100 na iya shiga takarda ɗaya muddin na kaya ne masu rukuni ɗaya, don haka ƙungiyar dukawa ko ta mata masu saƙa tana iya rage tsada sosai. Ka adana takardar da ke ɗauke da ranar shigarwa.

Kariyar ta shekara 5 ce, ana sabunta ta sau biyu, jimilla 15.

Mai sayarwa ta Ƙonni zuwa Sakkwato ko Kano ya lura da kyau: Najeriya ba ta cikin OAPI. Sai ka yi wata rajistar a can, kuma in ka yi ta cikin wata 6, za a lissafa maka daga ranar da ka shigar a Yamai.

In ka ga jabu, kada ka tsaya cacar baki a kasuwa. Sayi guda, karɓi rasit, ka nemi lauya ya roƙi kotu izinin kama kayan.