Yadda za ka tsara kiɗan taron makaɗa don karrama Shata

In kana son tsara sabon kiɗa don girmama marigayi Dakta Mamman Shata, abu na farko ka cire wa ranka kwaikwayon muryarsa. Yaran da ke zuwa situdiyona a nan Katsina dukansu da wannan suke farawa, sai ka ji mutum yana shaƙe maƙogwaro. Tun 1999 da aka rufe Shata a Daura ba a sake samun irin muryar ba, kuma mai sauraro ba ya yafe wa mai kwaikwayo.

Hanya biyu ce, ko a ƙasashen Turawa haka suke yi. A 1910 mai tsara kiɗa Vaughan Williams na Ingila ya ɗauko karin waƙa guda na Thomas Tallis, wani mai tsara kiɗa na zamanin da, ya gina sabon kiɗa a kansa. Shi kuwa Ravel na Faransa, da ya tashi karrama Couperin, wani tsohon mai tsara kiɗa na ƙasarsu, salon raye-rayen zamanin mutumin ya ara, ya zuba nasa karin. Ni ta biyun nake bi, don waƙoƙin Shata suna da magada.

To me za ka ara? Zauna da tsofaffin kaset, ka toshe kunne daga baitocin, ka bi abin da ke ƙarƙashinsu. Za ka ji amshi gajere ne, ana ta maimaita shi ba gajiya, shi ne turken da ke ba mawaƙi damar yawo ya dawo. Za ka ji kalangu yana magana, domin mai kiɗa na matse tsarkiya a hammata yana sassautawa, sautin na hawa da sauka yadda Hausa ke yi a baki. Saboda haka ka fara rubuta jimla ɗaya taka ta kanka, ka faɗa wa mai kalangu ya kaɗa ta. Abin da ya fito shi ne karin da sauran kayan kiɗa za su riƙa karɓa.

Sai rabon aiki. Goge biyu ko uku su tsaya a matsayin 'yan amshi, gurmi ya riƙe ƙasa, kuntuku ya riƙe lokaci. Gurbin da jagora zai yi waƙa ka ba sarewa, ka kuma bar mai ita ya ƙirƙira nan take, kada ka rubuta masa komai, tunda shi ma Shata, mutumin Musawa, a fili yake ƙaga baiti. Algaita a sa ta can baya, ta shigo sau ɗaya kusa da ƙarshe, in ba haka ba, za ta danne goge. Kakaki kuwa na fada ne, ni ba na taɓa shi.

Wajen ɗauka, kalangu ne farko, fiyano ne ƙarshe. Sautin fiyano a kafe yake, kalangu kuma zamewa yake tsakanin sauti da sauti, in ka tilasta masa bin na'ura ka kashe maganar. Ka kula da yanayi ma: da hunturu fata na ɗamewa, da damina tana saki, don haka a gama ɗaukar ganguna a zama ɗaya.

Kafin ka saki aikin da sunan Shata, je ka gaida iyalansa, ka kunna musu su ji.