Kurakuran da ke jawo wa hanta matsala a jinyar CAR-T

Tun 2017 da Amurka ta amince da CAR-T, wato a ɗebi ƙwayoyin T (wasu ƙwayoyin garkuwar jiki) na mai sankarar jini, a sauya su, a mayar masa su farauci cutar, hankalin sababbin likitoci yana kan zazzaɓi da ruɗewar ƙwaƙwalwa. Hanta kuwa sai ido ya yi rawaya ake tunawa da ita. Bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya a zagayen marasa lafiya.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne a ga gwajin HBsAg, mai neman alamar ƙwayar cutar hanta a jini, bai nuna komai ba, a ce mutum ba shi da ciwon hanta nau'in B. Haba! Wanda ya taɓa kamuwa ya warke, ƙwayar tana nan kwance a hantarsa, kuma gwajin anti-HBc, mai nuna ko an taɓa kamuwa, shi ne ke tona ta. Kun ba shi fludarabine da cyclophosphamide, magungunan sankara masu danne garkuwar jiki, CAR-T ya share ƙwayoyin garkuwa na B na tsawon watanni, to wa ya rage ya tare ta? Na ga mutumin da sankararsa ta lafa, aka sallame shi iyali na murna, ya dawo da shawara, ciki cike da ruwa. Na buɗe fayil ɗinsa, gurbin anti-HBc fari fat. Ni ba na sa hannu sai na ga gwajin biyu. In ɗaya ya nuna, a auna yawan ƙwayar a jini, a fara entecavir, maganin da ke danne ƙwayar, tun kafin jinyar CAR-T, kuma sallama ba dalilin dainawa ba ce. Wasu sun fi son sa ido kawai. Ni ban yarda da sa idon da ke jiran mara lafiya ya tuna ranar gwaji ba.

Kuskure na biyu shi ne ɗora wa CRS, wato tunzurin garkuwar jiki mai kawo zazzaɓi bayan CAR-T, laifin komai. Gaskiya ne ALT da AST, ma'aunan lahanin hanta a jini, sukan hau a lokacinta, su sauka da kansu. Amma zazzaɓi ya tafi, ferritin (alamar kumburi a jini) na ƙara hawa, fibrinogen (mai taimaka wa jini daskarewa) na faɗuwa, ƙwayoyin jini na raguwa, kai kuma kana ta ƙara tocilizumab, maganin CRS? Yi tunanin ciwo mai kama da HLH, inda garkuwar jiki ke wuce gona da iri ta lahanta gaɓoɓi, ka kira babban likita a fara maganar magungunan anakinra da steroid.

Sai magungunan da ke taɓa hanta: farasitamol, a lissafa jimillar abin da aka sha a rana. Magungunan azole, na kashe fungus, su ma suna taɓa hanta. A tambayi jiƙe-jiƙen da mutum ke sha. A ɗebi jinin anti-HBc kafin a ba da IVIG, wato ƙarin sinadaran garkuwa ta jijiya, don yana sa gwajin ya nuna abin da babu.