Yadda Uwargida Mai Son Karatu Za Ta Tsara Yininta a Kano

Lokaci mafi albarka shi ne bayan sallar Asuba, kafin yara su tashi shirin makaranta. Minti 20 sun isa shafi 10 zuwa 15 na littafin Hausa. Littafi mai nauyi, irin na tarihi ko fiƙihu, a nan ya kamata ki sa shi, domin da dare gajiya kan sa ido ya bi layi ba tare da kai ya riƙe komai ba.

Kada ki buɗe littafi alhali tukunya na kan wuta sai kin saita ƙararrawar waya. Labari mai daɗi kan ɗauke hankali, shinkafa kuwa da ruwanta ya tsotse sai ta kama.

Cefane da sauran hidimomi ki haɗa su a fita ɗaya. In za ki 'Yan Kaba ko Sabon Gari, ki sa ƙaramin littafi a jaka cikin leda. A Adaidaita Sahu girgiza na kawo jiri, don haka ki bari sai wurin jira, kamar layin asibiti ko banki. Ranar da gida ya cika da baƙi, ki ajiye karatun, zumunci ya fi shi. In an samu mai kula da yara, awa biyu a Laburaren Murtala Muhammad da ke titin Ahmadu Bello sun fi kwana uku na karatun sata-sata.

Littattafai kuma a kan kanta, nesa da bango, saboda gara da danshin damina. Da hunturu ki rufe su da zane.